Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Najeriya

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Najeriya, wadda aka fi sani da Super Eagles, ita ce ke wakiltar Najeriya a wasannin ƙasa da ƙasa na maza. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, wato NFF, ce ke kula da ita. Tana sanya riguna masu launin kore da fari.

Tarihi

Ƙungiyar ta buga wasanta na farko da wata ƙasa a shekarar 1949, inda ta doke Saliyo da ci 2 da nema a Freetown. A zamanin mulkin mallaka ana kiranta Red Devils saboda jajayen rigunanta. Bayan samun 'yancin kai ta koma Green Eagles, daga baya kuma Super Eagles.

Gasar cin kofin Afirka

Najeriya ta lashe kofin sau uku. A 1980 ta doke Aljeriya da ci 3 da nema a Legas. A 1994 ta ci Zambiya 2 da 1 a Tunisiya. A 2013 kuma ta doke Burkina Faso da ci 1 mai ban haushi a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Stephen Keshi, wanda ya ɗaga kofin yana ɗan wasa a 1994.

A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye ƙungiyar daga gasar da aka yi a Afirka ta Kudu, bayan saɓanin da ya biyo bayan rataye Ken Saro-Wiwa. Hakan ya sa hukumar CAF ta haramta mata shiga gasar 1998, a lokacin da take kan ganiyarta.

Gasar cin kofin duniya

Ta fara zuwa gasar a 1994 a Amurka, sannan ta halarci ta 1998, 2002, 2010, 2014 da 2018. Ta kai zagaye na biyu sau uku: 1994, 1998 da 2014. A watan Afrilun 1994 ta hau matsayi na biyar a jadawalin FIFA.

Fitattun 'yan wasa

Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya ci wa ƙasar ƙwallaye 37, ciki har da ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya. Ahmed Musa, wanda ya taka wa Kano Pillars leda, ya zura ƙwallaye biyu a ragar Ajantina a 2014, ya kuma ƙara biyu a ragar Iceland a 2018.