Mun Daɗe Muna Bugawa, Lokacin Ƙerawa Ya Yi

A ƙasar Haɗejiya, wasan gem a kan benci ya fara. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, yaron Kaugama in ya shigo birni yakan tarar da ɗan shago mai labule, janareta na kuka a waje, a ciki ga talabijin da PlayStation. A biya a buga zagaye ɗaya, wanda aka cinye ya tashi ya ba na baya wuri. Winning Eleven da Mortal Kombat ne suka ci kasuwa, domin cikin minti goma an san gwani. Mai shago ba zai bari mutum ɗaya ya tare masa inji na awa arba'in ba, ga katin ajiya da ba kowa ke da shi ba, ga Turanci jibgi a allo. Shi ya sa wasannin RPG, waɗanda mai wasa ke shiga rigar jarumi ya bi labari daga farko har ƙarshe, suka wuce yawancinmu. 'Yan kaɗan da suka same su a gidajen 'yan uwa a Kano ko a tsohuwar kwamfuta, daga cikinsu ne aka sami masu sha'awar wannan sana'a tamu ta ƙera wasanni.

Asalin waɗannan wasanni a kan tebur yake. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, ana yinsa da takarda da fensir, mutum ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya. A 1981 Ultima da Wizardry suka kafa tsarin a kwamfuta. Daga nan Japan ta karɓa: Yuji Horii ya yi Dragon Quest a 1986, Hironobu Sakaguchi ya biyo da Final Fantasy a 1987.

Dragon Quest na farko shi ne malamina a aikin furodusa. Gaba ɗaya wasan kilobayit 64 ne, bai kai hoto ɗaya da ake ɗauka da waya yau ba. Don wuri ya isa, sai da masu yinsa suka rage haruffan da za su yi rubutu da su, kuma mai wasa sai ya kwafi doguwar kalmar sirri a takarda kafin ya iya ci gaba gobe. Duk da haka suka gina duniya mai sarki da ƙauyuka da kasuwa. Chrono Trigger na 1995 kuwa ya nuna yadda abin da ka shuka a wani zamani kake girbarsa a wani, kuma ƙarshen labarinsa ya fi goma. Final Fantasy VII na 1997, mai faifai uku, shi ya sa yara da yawa suka fara kuka saboda mutuwar jarumar da ba ta taɓa rayuwa ba.

A Afirka an soma ne a makare amma da himma. Eyram Tawia na Ghana da Wesley Kirinya na Kenya sun kafa Leti Arts a 2009. Hugo Obi ya buɗe Maliyo Games a Legas a 2012, yana yin wasannin waya. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun sha fama da ɗauke wuta da ƙarancin jari kafin su fitar da Aurion a 2016, RPG mai tufafi da al'adun Afirka. Wannan ya rufe bakin masu cewa ba za a iya ba.

Mutane kan tambaye ni me furodusa ke yi, tunda ba lallai ya yi zane ko ya rubuta manhaja ba. Shi ne mai riƙe lokaci da kuɗi da alkawari. Marubuci ya kawo garuruwa goma, furodusa ya ce uku za mu iya gamawa. Shi ke ɗaukar waya mafi araha a kasuwa ya gwada wasan a kanta, ya auna yawan data da sauke shi zai ci, ya tabbatar yana tafiya ko babu intanet. Shi ke gano cewa salon rubutun da mai zane ya zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, duk inda suka faɗo sai akwati ya fito a allo. Yawancin wasannin da ke mutuwa a hannun matasanmu, yawan buri ne ke kashe su kafin rashin kuɗi.

A halin yanzu wasu sun riga mu ɗibar tarihinmu. A 2021 Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummominsa, Kano ce cibiyarsu. A 2025 Civilization VII ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa. Sun kyauta, amma daga nesa suka hango mu.

Mu da muka tashi a bakin fadama mun san abin da ba su sani ba. Mun san yadda ambaliya ke canza hanya kowace damina, yadda kacalla ke toshe magudanar ruwa, yadda tsuntsayen jan baki ke sauka a gonar shinkafa, da yadda manomi da masunci da makiyayi ke rabon ƙasa ɗaya gwargwadon lokaci. Taswirar da ke sauyawa da kanta ke nan, abin da masu ƙira ke kwana suna nema. Ga jarumtar Sarki Buhari na Haɗejiya, ga tsayuwar Sarki Muhammadu Mai Shahada a gaban Turawa a 1906.

Kirana ga ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da na kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejiya, da na cibiyar kwamfuta ta Kazaure: ku haɗu uku ko huɗu, mai zane da mai manhaja da mai labari da mai riƙe jadawali. Ku yi ƙauye ɗaya, kogi ɗaya, labari na awa ɗaya da Hausa, ku gama shi ku ba mutane su buga. Wayar da ke aljihunku ta fi injin da Horii ya yi Dragon Quest a kansa ƙarfi nesa ba kusa ba.