Baba Mutuniyar Karo: Zamani Uku a Rayuwar Matar Manomi

Galibin littattafan tarihin ƙasar Hausa labarin sarakuna suke bayarwa: wane ya ci sarauta, ya yi shekara kaza, ya yaƙi wane, ya rasu, wane ya gaje shi. Matar manomi kuwa, wadda ta sussuke hatsin da aka ciyar da mayaƙan nan, ba safai akan ji ɗuriyarta ba. Amma akwai mace guda ta ƙauye wadda Allah ya nufa aka rubuta labarinta daga bakinta, ita ce Baba mutuniyar Karo. An ƙiyasta haihuwarta wajen shekarar 1877, ta rasu cikin 1951. Ta ga zamanin hare-hare, ta ga zuwan Turawa, ta kuma ga zamanin jirgin ƙasa da sulalla. Saboda haka rayuwarta ma'auni ce ta gane abin da sauyin zamani ya taɓa a gidan manomi, da abin da ya bari.

Yadda aka sami labarin

Cikin 1949 da 1950 wani masani ɗan Jamaika, M. G. Smith, ya zauna a ƙasar Zazzau yana binciken tattalin arzikin Hausawa. Da yake namiji ba shi da hanyar shiga cikin gida wurin matan aure, sai matarsa Mary Smith, wadda ta ji Hausa, ta ɗauki wannan gefe. A Giwa ta sadu da Baba, tsohuwa, ungozoma, wadda kowane gida ya san ta. Suka shaƙu, Baba tana faɗi, ita tana rubutawa, har tsawon makonni. Aka juya labarin da Turanci, aka buga shi a Landan cikin 1954 da sunan Baba of Karo. Ita mai labarin ba ta ga littafin ba, domin ta riga mu gidan gaskiya shekara uku kafin fitowarsa.

Zamanin rinji da mahara

Karo wani ɗan ƙauye ne kusa da Zarewa, a kudu maso yammacin ƙasar Kano, inda iyakarta ta kusanci ta Zazzau da ta Katsina. Kakannin Baba asalinsu Barebari ne, daga Barno suka zo. Mahaifinta Tsoho manomi ne, kuma malami mai karantar da allo. Danginsu suna da rinji, watau unguwar bayi masu noma. Tsarin aikin kuwa shi ne, bawa ya fita gandun ubangijinsa da hantsi, a kai masa abinci gona, ya tashi da azahar, sa'an nan ya wuce gayaunarsa, abin da ya samu can nasa ne. 'Ya'yan da aka haifa a rinji su ne dimajai, tare da 'ya'yan gida suke tashi, a koya musu salla, a yi musu aure.

A nan ne ake ganin matsayin ɗiyar mace. Baiwa ita ke riƙe fartanya, ita ke zuwa itace da ɗiban ruwa. Ɗiya kuwa aikinta daga rumbu yake farawa: sussuka da shiƙa da surfe da niƙa, da tuƙa tuwon mutane masu yawa, da dama furar 'yan gona. In ta sami sarari sai ta ɗauki mazari da alli ta yi kaɗi, ta sayar wa masaƙa zare. Kuɗin zaren nan nata ne, miji ba shi da iko da shi, da shi take sayen akuya da tasoshi, take kuma yin biki.

Amma fa zaman nan ba na kwanciyar rai ba ne. Ningawa sun daɗe suna kai hari ƙasashen Kano da Zazzau, ga kuma Basasar Kano wadda ta tashi cikin 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa. Ban da waɗannan akwai mahara masu kama mutane a gona ko a hanyar kasuwa, ba ruwansu da ko ɗa ne ko bawa, ko Musulmi ne. Baba ta ba da labarin yadda akan watse daga ƙauye a gudu cikin ganuwar Zarewa in an ji ƙishin-ƙishin, da yadda aka kama waɗansu matan danginta, sai da aka bi sawu, aka tara wuri mai ɗimbin yawa aka fanso su. Ga macen wannan zamani, nisan da ke tsakanin gona da ƙofar gari shi ne tsakanin 'yanci da bauta.

Zuwan Turawa

Turawan Ingila suka shiga Zariya cikin 1902, suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, Sarki Alu ba ya gari. A tarihin sarakuna wannan faɗuwar daula ce. A bakin Baba kuwa abu biyu ne suka fi fitowa. Na farko, hanya ta yi lafiya, mace tana iya zuwa ganin gida ba tare da fargaba ba, don haka ta nuna talakawa Haɓe ba su yi baƙin cikin abin da ya sami masu mulki ba. Ya kamata mai nazari ya tuna da Baturiya take magana, kuma a ƙarƙashin mulkin Turawa, sai a auna maganar da wannan. Na biyu kuwa hasara ce ta gidansu. Dokar 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar nan ɗa ne, ko da yake ba a soke bauta ɗungum ba sai 1936. Bayin Karo waɗansu suka gudu, waɗansu suka fanshi kansu, waɗansu suka zauna bisa zumunci. Gandu ya ragu, 'ya'yan gida suka sunkuya da kansu.

Wani abin lura ya biyo baya, wanda M. G. Smith ya yi bayaninsa. Da yake noman mace alamar bauta ce, matan da suka sami 'yanci sai suka ajiye fartanya, suka nemi zaman ɗaki irin na iyayengijinsu. Ta haka kulle, wanda dā an fi saninsa a gidajen malamai da sarakuna da attajirai, ya yaɗu cikin ƙauyuka. Wanda ya ɗauka kullen ƙauye abu ne na tun fil azal, labarin nan ya isa ya sa ya sake tunani: addini ya ba shi hujja, amma mutuwar bauta ta taimaka wajen ba shi faɗi.

Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, sulalla suka kori wuri, haraji ya koma na tsabar kuɗi. Yunwar 1914 ta nuna zaman lafiya bai hana rumbu ƙarewa ba.

Aure da ibada

Baba ta yi aure huɗu. Na fari auren zumunci ne, da ɗan'uwanta Duma, tana da shekara kamar 14. Ta yarda ne don biyayya ga mahaifinta, alhali ranta yana ga wani ɗan'uwan, Malam Maigari. Bayan 'yan shekaru auren ya mutu, ta yi idda, ta auri Malam Maigari, suka zauna shekara 15. Daga nan sai Malam Hasan, manomi kuma mai tsaron gidan yari, wanda ta zauna da shi har ya rasu, ta yi masa takaba. Da tsufa ya zo ta yi auren takalmi da wani Ibrahim, irin wanda waɗansu ke kira ɗauki-sandanka: tana gidanta, shi ke zuwa. Tsofaffin mata sukan yi irin wannan aure don kada mutuwa ta riske su ba igiya a kansu.

Duk cikin auren nan Allah bai ba ta haihuwa ba. A ƙasar da darajar mace ta rataya ga 'ya'ya, wannan babbar jarrabawa ce, amma ba ta bar ta a wofi ba. Dangi suka ba ta riƙo, ta yi reno, ta aurar. Ta ƙulla ƙawance da mata tsararta, ta yi ƙannen rana, ana biki ana rama biki. Daga baya ta zama ungozoma, ita ke yanke cibi, ta tsaya kan wankan jego har a yi arba'in. Wadda ba ta haifi ko ɗaya ba ta zama kakar gari.

Ibadarta kuwa irin ta matan ƙauye ce na zamaninta. Ba ta yi zurfin karatu ba, amma 'yar malam ce, matar malamai. Salla da azumi da sadaka su ne suka raba mata yini da shekara, idda da takaba suka raba mata zangunan rayuwa, duk abin da ya same ta kuma ta mai da shi ga ƙaddarar Allah. Tare da haka ta san bori da sunayen iskoki, ta yi bayaninsu ba ɓoye-ɓoye, yadda mutum kan ba da labarin maƙwabtan da ya sani. Wannan ya nuna yadda abubuwan biyu suka zauna kusa da juna a ƙauyukan Zazzau na wancan lokaci.

Abin da rayuwar nan ta koyar

In aka jera zamunan uku, sai a ga sarauta ta sauya hannu, kuɗi sun sauya kama, masu noman gandu sun watse, amma abin da ya riƙe Baba tun ƙuruciya har tsufa bai gusa ba, watau addini da zumunci da sana'ar hannunta. Masu koyar da tarihi a kwalejojin horon malamai za su amfana in suka ajiye labarinta kusa da jerin sarakunan Kano da Zazzau, domin ɗalibi ya ga shekarar 1903 ta ƙofar fada, ya kuma gan ta ta bakin murhu. Kowane gari yana da tsofaffi irinta, kuma kowace aka binne ba a rubuta abin da ta sani ba, an yi hasarar da ba ta da mayarwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinta, amin.