Kafa gandun iyali a Sarkin Yamma: ƙasa, hatsi, bisashe da lissafi

Mutane da dama a birnin Maradi suna tunanin komawa ƙauye su kafa ɗan gandu, ko don tsadar tiyar hatsi, ko don an yi rabon gado gona ta faɗo hannunsu. Sarkin Yamma na cikin wuraren da ido ke kai wa saboda kusancinsa da birni. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madarunfa, tare da Safo, Gabi, Jiratawa, Ɗan Isa da Madarunfa kanta. Yankin na cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a jahar Maradi, kimanin milimita 500 zuwa 600 a shekara, daga Yuni zuwa Satumba. Sai dai ya cika da jama'a, kuma gona ta yi wuyar samu. Ga abubuwan da mai niyya ya kamata ya sani kafin ya zuba kuɗinsa.

Mene ne gandu?

A al'adar ƙasar Maradi, gandu shi ne babbar gonar gida wadda iyali ke noma tare ƙarƙashin maigida, kuma daga rumbunta ake ciyar da kowa. Ban da shi akwai gamana, wato ɗan filin da ake yanka wa mace ko saurayi ya noma don kansa. A da, ɓangaren gona kan huta shekaru kafin a dawo masa. Yau rabon gado ya daddatsa gonaki, hutun ƙasa ya kusan ɓacewa, gidaje da yawa ba su da abin da ya wuce hekta ɗaya ko biyu. Saboda haka gandun zamanin nan dole ya haɗa noma, kiwo da itatuwa a fili ɗaya, kowane yana ciyar da ɗan'uwansa. Kara da harawa su tafi ga bisashe, takin bisashe ya koma gona, itace ya tsare ƙasa ya ba da ganye da makamashi.

Takardar gona kafin komai

Hanyoyin samun gona a yankin sanannu ne: gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. Kowace tana da takardar da ta dace da ita. Dokar da ta shimfiɗa tsarin filayen karkara a Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 2 ga Maris 1993, ita ce tushen hukumomin kula da filaye. Akwai Cofob a matakin ƙauye ƙarƙashin mai gari, Cofocom a ƙaramar hukuma, da Cofodep a gunduma. Ciniki na baki da baki, ko da a gaban dattawa ne, shi ne ke rikiɗewa ya zama shari'a idan mai sayarwa ya rasu magada suka taso.

Kafin a biya ko dala ɗaya, a tabbatar da abu uku. Na farko, ko dukkan magada sun yarda da sayarwar, har da mata. Na biyu, ko gonar ba ta hannun wani a matsayin jingina. Na uku, ko iyakarta ba ta ci burtali ko makiyaya ba, domin dokar kiwo ta 2010 ta hana mallake waɗannan filaye, kuma wanda ya shuka a kan hanyar dabbobi ba shi da bakin neman diyyar ɓarna. A zagaya iyaka da maƙwabta a gaban shaidu, a dasa alama mai ɗorewa. Wanda ya karɓi aro ko haya ya sa a rubuta tsawon lokaci da kuma hukuncin itatuwan da zai rena, don masu gona da yawa na ɗaukar dashen itace a matsayin neman mallaka.

Batun mata yana da muhimmanci a nan. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka wallafa a 2006 ya nuna yadda ƙarancin ƙasa a kudancin Maradi ke fitar da mata daga noma, domin gamana ce farkon abin da ake janyewa idan gona ta ƙanƙance. Gidan da ya bar wa uwargida filinta da awakinta ya fi jure wa shekarar fari.

Lissafin rumbu

Ma'aunin da hukumomin Nijar ke aiki da shi ya ɗora buƙatar mutum ɗaya a kan kilo 231 na hatsi da danginsa a shekara. Gida mai mutum 8 na buƙatar kusan kilo 1,850 ke nan. Hekta ɗaya ta hatsi a jigawa, idan ba a kyautata mata ba, ba ta cika wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Ma'ana, sai an kai kusan hekta 4 kafin a ci daga kaka zuwa kaka. Mai hekta ɗaya da rabi ya san tun farko cewa rumbunsa ba zai kai shi damana ba, sai ya cike giɓin da wake, gujiya, aya, riɗi, kayan garka da kuɗin bisashe. Wannan lissafi ne ke raba mai shiri da wanda zai sayar da akuyarsa a watan Agusta don ya sayi tiya biyar.

Ƙasar yankin iri biyu ce. Jigawa mai rairayi ta dace da hatsi, wake, gujiya da aya. Fadamar Gulbin Maradi tana da laka, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ba shi da nisa, don haka ta dace da dawa, masara, rogo, tumatir, albasa da zogale. Filin fadama ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ko kwatan hekta mai rijiya kan kawo kuɗin da babbar gonar jigawa ba ta kawowa a rani. Gulbin ba ya gudana duk shekara, kuma madatsar ruwan Jibiya da ke jihar Katsina ta sauya yadda yake malala, saboda haka a tambayi masu garka na kusa zurfin rijiyoyinsu a watan Mayu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa.

Gyaran ƙasa

Hanya mafi araha ita ce sassaben zamani. Maimakon a tumɓuke kututturan sabara, kalgo, aduwa, magarya da gawo lokacin sharar gona, sai a zaɓi tsiro biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara. A ƙauyukan Maradi ne wannan dabara ta bunƙasa tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar SIM, ya fara yaɗa ta tare da manoma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tsara wannan aiki, ta kuma amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena. Gawo ya fi kowa amfani, domin yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa shuka inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincin tumaki ne a rani.

Sai taki. Toka, kashin awaki, shara da ragowar kara, idan an tara su a rami ana yayyafa ruwa har suka ruɓe, sun fi ɗanyen taki amfani. Wanda ba shi da ƙarfin sayen buhunan takin zamani zai iya bin tsarin ɗan tsunkule da cibiyar ICRISAT ta Sadore ta gwada: giram 6 na takin 15-15-15, ko giram 2 na DAP, a kowane ramin shuka. A tazarar mita ɗaya, hekta na da rami 10,000, wato kilo 60 na 15-15-15 ko kilo 20 na DAP. Inda ƙasa ta zama fako, ramukan tassa da aka zuba wa taki suna tare ruwa su maido da ita.

Wajen iri, cibiyar INRAN da ke Tarna ita ce makusanciya. Hatsin HKP da nau'o'in wake masu saurin nuna sun dace da damanar da ke yankewa da wuri. Juya hatsi da wake ko gujiya a fili ɗaya na rage ƙuduji. Game da tsutsar zangarniya, masana na INRAN da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi sun daɗe suna sakin wani ɗan ƙwaro mai suna Habrobracon hebetor da ke kashe ta ba tare da feshi ba. Bayan girbi, buhun PICS mai ninki uku, wanda ya fito daga Jami'ar Purdue ta Amurka, yana hana ƙwari cin wake muddin an shanya shi ya bushe sarai an ɗaure kowane ninki dabam.

Da wace dabba za a fara?

Jar akuyar Maradi ita ce jarin farko na ƙaramin gida. Cikinta wata biyar ne, tana yawan haifar tagwaye, idan tana ƙoshi takan haihu sau uku cikin shekara biyu, tana ba da nono ga yara, fatarta kuma ta yi suna har Turai. Akwai cibiyar gwamnati a Maradi da ke kula da tsaftar irinta tun shekarun 1960. Awaki biyu ko uku sun isa farawa, bunsuru kuma a iya aron na maƙwabta. Wanda ba shi da kuɗin saye yana iya shiga tsarin habbanaye, al'adar Fulani da ƙungiyoyin raya karkara suka ɗauka: a ba mutum uwa ya rena, ya riƙe ƴaƴan, ya maido da uwar ko ya miƙa ta ga wani.

Kiwon turke na raguna, musamman balami da uda, sana'a ce ta wata uku zuwa huɗu da ake auna ƙarshenta da Babbar Salla. Ribarsa tana ga sayen ramammen rago mai lafiya da araha da kuma mallakar abincinsa tun kaka. Kaji da zabbi su ne kuɗin cefane da na magani. Ƙwan kaza na ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabuwa a kwana 26 zuwa 28, kuma an fi sa wa kaza ƙwan zabuwa ta kwanta a kai. Saniya ko bijimin amalanke sai gida ya kafu, domin abincin da saniya ɗaya ke ci zai riƙe awaki shida ko fiye.

Yawan bisashe ya bi yawan abincin da aka tanada. Akuya na cin kusan kilo ɗaya na busasshen abinci a rana. Rani da bazara sun kai wata takwas, wato kusan kilo 240 ga kowace akuya. A tattara harawa, karan dawa da ƙowar wake tun Oktoba, a ɗora su a rumfa ko kan itace inda rana da gara ba za su lalata su ba, a tanadi dusa da kanwa. Mai sayen harawa a watan Mayu yakan ciyar da rago fiye da kuɗin da zai sayar da shi.

Rigakafi bai da tsada idan aka kwatanta da asara. Kowace shekara ma'aikatan kiwo na zagayen allurar annobar ƙananan bisashe da ake kira PPR. Kaji kuma a yi musu rigakafin cutar Newcastle kafin sanyin hunturu, lokacin da takan share akurki cikin ƴan kwanaki. Dabbar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

Kuɗi da kasuwa

Hatsi da wake sun fi araha a kaka, sun fi tsada daga Yuni zuwa Agusta. Wanda bashi ya tilasta wa sayarwa a Nuwamba shi ne zai sake sayen abin da ya noma da tsada. Tsarin warantaji, da aka fara a Nijar a ƙarshen shekarun 1990, yana ba ƙungiyar manoma damar ajiye amfani a sito su karɓi rance, su biya bayan farashi ya tashi. Ga mata akwai asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maradi a 1991. Da yawa daga awakin da ke ɗaure a gidajen yankin daga irin wannan asusu suka fito.

Kasuwar bisashen Maradi ta dogara da Najeriya. Idan naira ta faɗi a gaban sefa, masu saye daga Jibiya da Katsina sukan ja baya, farashi ya karye. Rufe iyaka a 2019 da kuma a 2023 ya nuna wa makiyaya haɗarin jingina da hanya ɗaya. Gidan da ke da ƙwai, zogale da ƙuli-ƙulin da zai kai birnin Maradi kowane mako bai cika jin wannan girgiza ba.

Tsaro da zaman lafiya

Shekarun baya-bayan nan ƙauyukan gundumar Madarunfa da ke kusa da iyaka da dajin Baban Rafi sun sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Wannan ya sa shawarar gina gida shi kaɗai a tsakiyar gona ba ta dace da yankin ba. A zauna cikin gari, a ɗaure bisashe a cikin gida da dare, a guji tara manyan shanu da ke jawo ido. Haka kuma a kiyaye ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa bayan girbi, a kwashe amfani kafin ta zo, don kauce wa rikici da makiyaya. Manomin da ya yi yarjejeniya da Bafulatani ya kwantar da garkensa a gona bayan kaka yakan samu taki mai yawa a madadin kara.

Ga ɗan birni mai albashi, babban tarko shi ne noma daga nesa. Gonar da aka bar wa ɗan ƙwadago ana aika masa kuɗi ta waya ba ta cika maido da jari ba, sai in akwai ɗan gida amintacce da ke kwana kusa da ita, kuma an faɗi rabonsa a fili tun kafin shuka.

Tsarin shekara uku

Masu gogewa sukan raba aikin haka. Shekarar farko: takarda, iyaka, sassaben zamani, ramin taki, kaji da awaki biyu. Shekara ta biyu: ingantaccen iri, ɗan tsunkulen taki, rumfar harawa da rago ɗaya ko biyu na turke. Shekara ta uku: garka idan akwai ruwa, amalanke, da shiga ƙungiyar manoma don sito da rance. A duk tsawon wannan lokaci kada a saki sana'ar da ke kawo kuɗi a birni, domin gandu ba ya fara ciyar da gida sai ƙasarsa ta farfaɗo, kuma itatuwan da aka rena kan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin amfaninsu ya bayyana.