Masu Gidan da Suka Manta Ɗacin Shan Kaye

A shekarar 1990, lokacin da aka kafa Kano Pillars, babu wata jiha mai suna Jigawa. Birnin Kudu da Gwaram da Sundimina duk Jihar Kano ce, kuma a kuɗin gwamnatin da aka ɗauki 'yan wasan farko da su har da rabon mutumin Sundimina. Sai ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jigawa, aka kai hedikwata Dutse. An sake taswira, amma goyon bayan ƙwallo bai bi taswira ba. Har gobe, idan ka zauna a teburin mai shayi a kudancin Jigawa ranar Lahadi da almuru ka ji wani ya ce "yau mun ci" ko "yau an cuce mu", ba tare da ya ambaci Chelsea ko Madrid ba, to Pillars yake nufi.

Kano ta daɗe da sanin daɗin nasara. Tun 1953 ƙungiyar da ta wakilci garin ta je Legas ta doke Lagos Dynamos ta ɗauko kofin da daga baya aka fi sani da Kofin Ƙalubale. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar lig ta ƙasa, kuma a shekarar ce ta kara da Fluminense ta Barazil a Kaduna, Pele da kansa yana sanye da rigar baƙin. Dattawan da suka ga wancan zamani har yanzu da shi suke auna komai. Da aka zo fara gasar ƙwararru a 1990, sai manyan harkar wasanni na Kano, cikinsu har da Alhaji Ibrahim Galadima wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, suka ga gara a haɗa ƙarfi wuri guda. Aka narkar da ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Pillars.

Tun daga ranar farko gwamnati ce uwa ita ce uba. Wannan ya ba kulob ɗin tsayuwar da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da yawa ba su samu ba, domin albashi ko ya makara zai zo. Amma ya zo da nasa ciwon. Shugaban kulob naɗin gwamna ne, koci kuma naɗin shugaba, kuma dukkansu kujerarsu tana rataye ne a kan sakamakon makon nan da abin da za a faɗa a shirin wasanni na rediyo gobe da safe. Mutumin da bai da tabbacin zai kai ƙarshen kaka ba ya dasa itacen da sai bayan shekara biyar zai yi 'ya'ya.

Abin da ya fi komai gina halin magoya bayan Pillars ya faru ne tsakanin 2003 da 2015. A watan Yunin 2003 Julius Berger ta doke Pillars a gida. Daga nan, wasa 202 na lig a jere, shekara goma sha biyu cur, babu baƙon da ya zo ya tafi da maki uku. Yaron da wansa ya fara kai shi kallo yana ɗan shekara goma, ya gama sakandare, ya fara sana'a, wataƙila ma ya yi aure, bai taɓa ganin an ci masu gida a gidansu ba. Kirarin "Sai Masu Gida" ya tashi daga fata ya zama haƙƙi. A cikin waɗannan shekarun ne kofunan lig huɗu suka zo: 2008 a hannun Kadiri Ikhana, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. A 2009 kuma Pillars ta yi abin da har yau ake ba da labarinsa: ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan 1-1 a Najeriya da 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta yi waje da ita.

Ba na rage wa waɗancan 'yan wasa komai. Amma duk mai gaskiya ya san yadda lig ɗin Najeriya yake a lokacin. Baƙi su kwana a mota daga Fatakwal ko Kalaba, su iso da kumburarrun ƙafafu, su shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata su tarar da dubban mutane da ganguna. Shekaru da dama kuma ƙungiyar gida ce ke ɗawainiyar alƙalan wasa. Cin wasa a waje abin labari ne a ko'ina cikin ƙasar, ba a Kano kaɗai ba. Illar ita ce magoya baya sun koyi lissafi guda: a gida maki uku namu ne, a waje kuma idan an ci mu alƙali ne. A wannan lissafi babu gurbin cewa abokin karawa ya fi mu iya wasa yau, babu kuma gurbin cewa ɗan bayanmu yaro ne da ke koyo.

To ina 'yan wasan suke fitowa? A nan ne labarin ya fi daɗi, ya kuma fi ban takaici. Kano ba ta taɓa rasa yara masu ƙafa ba. Kowace unguwa da kulob ɗinta da kocinta wanda ba a biyansa, wanda ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa ya kuma bi iyaye gida yana roƙon a bar yaro ya zo atisaye. Gasar Kofin Ramat ta matasa, wadda ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala, ta daɗe tana tara yara daga jihohi. Daga irin wannan ƙasa Sani Kaita ya taso, ya buga wa Pillars, ya je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005 inda Najeriya ta zo ta biyu, ya wuce Sparta Rotterdam ta Holan. Rabi'u Ali, wanda birni da ƙauye ke kira Pele, ya zama fuskar kulob ɗin fiye da shekara goma, ya ci gaba da zura ƙwallo a bugun tazara har bayan ya haura arba'in. Ga Gambo Muhammad, ga Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato wanda ya ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016.

Sai kuma Ahmed Musa. Haifaffen Jos ne, ya zo Pillars yana ɗan shekara goma sha bakwai, siriri, gudu kamar barewa. A kakar 2009/2010 ya ci ƙwallo 18, wanda a lokacin ba a taɓa yi ba a gasar ƙwararru. Kaka ɗaya tak ya yi a wancan zuwan. VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, har sai da ta jira ya cika goma sha takwas a watan Oktoban 2010 kafin ya buga mata, saboda dokar FIFA ta hana cinikin yara tsakanin ƙasashe. Daga can CSKA Moscow, daga can Leicester, ga ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, ga biyu a ragar Iceland a 2018. Haka aka sake gani da Junior Lokosa, wanda ya ci 19 a 2018, kafin a farga yana Esperance ta Tunisiya. Magoya baya sun ɗauki darasi daga wannan, kuma ba darasi ne mai kyau ba: yaron da ya yi fice ba zai zauna ba, saboda haka me ya sa za mu yi haƙuri da wanda bai riga ya yi ficen ba?

Wanda ya taɓa zama a cikin 'yan kallo ya san yadda abin yake. Saura minti ashirin, ana ɗaya da ɗaya, koci ya ɗago yaro daga benci, wanda aka ɗauko daga ƙaramar ƙungiyar kulob. Taɓawarsa ta farko ƙwallo ta zille masa ta fita. Nan take wani ya miƙe: "Koci, wannan ɗan wa ye? Cire mana shi!" Na kusa da shi ya ce ai ɗan alfarma ne, wani babba ne ya kawo shi. Ledar ruwa ta fara sauka a bakin fili. Ƙwallo ta biyu da ta zo masa, yaron ko tsayar da ita bai yi ba, ya dake ta gaba don ya rabu da ita. Koci ya gani, ya kuma ji abin da ake faɗa a bayansa. Mako mai zuwa sai ya sa ɗan shekara talatin da ya zagaya ƙungiyoyi biyar, wanda ba zai ƙaru da komai ba amma ba zai jawo masa zagi ba. Kaita ma da ya kai ƙoli bai tsira ba: jan katin da ya karɓa a wasan Girka a gasar duniya ta 2010, Najeriya na gaba da ci ɗaya aka dawo aka ci ta biyu, ya jawo masa har da barazanar kisa, aka manta da lambobin azurfa biyu da ya taimaka aka samo.

A watan Agustan 2015 Nasarawa United ta zo Kano ta ci 2-1, tarihin wasa 202 ya ƙare. Shekarar dama ta zo da nauyi, domin a watan Maris 'yan bindiga sun buɗe wa motar 'yan wasan wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri, biyar suka ji rauni, har da Gambo. Daga nan fushin 'yan kallo ya fara samun tarihinsa na kansa. A wasan ƙarshe na Kofin Aiteo, wato Kofin Ƙalubale na da, a Asaba a 2018, Pillars na gaba da Enugu Rangers da ci uku da nema har wasa ya doshi ƙarshe, Rangers ta farke duka ukun, ta kuma yi nasara a bugun fenareti. Wannan rauni bai warke ba aka sake haɗuwa da Rangers a filin Agege na Legas a watan Yunin 2019, aka ba Rangers fenareti dab da tashi, wasa ya ƙare 1-1, magoya baya suka afka cikin fili suna neman alƙali. Aka ci kulob tarar naira miliyan 8, aka dakatar da Rabi'u Ali wasa 12. Abin mamaki, a shekarar ce dai Pillars ta ɗauki Kofin Aiteo a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a fenareti.

Sannan annobar korona ta zo, aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya, Pillars ta koma buga wasannin gida a Kaduna. Da ta dawo Kano a watan Afrilun 2022, wasan Katsina United, wanda ake babu ci, bai kai ƙarshe ba: aka shiga fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar naira miliyan 9, ta zaftare maki uku, ta kora kulob ɗin Abuja. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗi zuwa rukuni na biyu, tare da Katsina United da Heartland da MFM. Mutanen da suka yi jifa don kare martabar gida su ne suka taya rushe shi. Pillars ta dawo babbar gasa a 2023, amma a watan Oktoban 2025 aka maimaita: Shooting Stars ta farke ƙwallo a mintin ƙarshe a Kano, aka daki alƙalai da baƙi, aka zaftare maki uku da ƙwallo uku, aka mayar da wasannin gida Katsina. Wanda ya fito ya ba da haƙuri a madadin kulob shi ne Ahmed Musa, wanda ya dawo yana buga wasa kuma aka naɗa shi babban manaja a 2025.

Ga yaron Sundimina ko Gwaram, duk wannan ba labarin nesa ba ne. Jiharsa tana da tata ƙungiyar, Jigawa Golden Stars, wadda ta hau babbar gasa a 2019 ta sauko a 2021, kuma ita ma gwamnati ce ke riƙe da ita, da irin gaggawar da ke tattare da hakan. Tsanin da zai hau gajere ne: filin makarantar firamare da turakun katako, gasar cin kofi ta ƙaramar hukuma wadda galibi wani ɗan siyasa ke sawa idan zaɓe ya ƙarato, sannan idan yana da sa'a wani ya biya masa kuɗin mota ta Kwanar Huguma da Wudil zuwa gwaji a Kano, inda zai tarar da ɗaruruwa irinsa. Da dare kuma yana gidan kallo yana ganin yadda ake sa ɗan shekara goma sha bakwai a Barcelona ana tafa masa ko ya yi kuskure, kuma mutanen da ke tafawar a gaban talabijin su ne za su zagi na gida ranar Lahadi.

Akwai kuɗi a renon 'yan wasa, kuma doka ta tanade su. Tsarin FIFA ya ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23, kowacce gwargwadon shekarun da ya yi a hannunta. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance mai rajista da hukumar ƙwallo, sunan yaron kuma yana rubuce a ƙarƙashinta. Yawancin kulob-kulob na unguwa da na ƙauye ba su da wannan takarda. Kocin da ya koya wa yaro tsayar da ƙwallo a Birnin Kudu, idan yaron ya kai Turai, abin da ya saba samu shi ne riga da ɗan abin da yaron ya ga damar aikowa, kason da doka ta ware masa kuwa babu hujjar da zai nema da ita.