Gicciye da Kabarin da Ba Kowa: Yadda Ikilisiyar Farko Ta Yi Wa'azin Ista

A ƙarni na 2, babban idin masu bi a shekara shi ne Faska, wato Idin Ƙetarewa. Ba a ware Jumma'a don baƙin ciki, Lahadi don murna ba. Sukan yi azumi, su kwana suna addu'a da karatun Nassi, sa'an nan su buɗe baki da Jibin Ubangiji. A dare guda ake tuna mutuwar Almasihu da tashinsa.

Muna da wa'azin Faska na Melito, bishop na Sardis a ƙasar Turkiyya ta yau, daga wajen shekara ta 170. Bayan an karanta Fitowa sura 12, ya nuna cewa ɗan ragon da aka yanka a Masar hoton Almasihu ne, ya kuma rufe da Almasihu mai nasara bisa mutuwa. Jama'arsa sun san tsanani, gama ba da daɗewa ba aka kashe Folikaf a Simirna, kusa da su. Sai dai Melito ya ɗora wa Yahudawa alhakin gicciye da kalmomi masu zafi, kuma wannan ba abin koyi ba ne.

An yi gardama a kan ranar idin. Ikilisiyoyin Asiya suna yinsa ran 14 ga watan Nisan, Roma kuwa sai ran Lahadi. Wajen shekara ta 190 Bishop Biktor na Roma ya so ya yanke zumunci da mutanen Asiya, amma Ireniyus ya tsawata masa. Taron Nikiya na 325 ya nemi dukan ikilisiyoyi su yi idin rana ɗaya. Ya kuma hana durƙusawa cikin addu'a a ranakun Lahadi da kwana 50 na Fentikos, domin lokacin murna ne.

Rarraba kwanakin ya bayyana sosai a Urushalima. A 335 aka keɓe majami'ar da Sarki Konstantin ya gina a wurin kabarin Yesu. Wata mai ziyara, Egeriya, ta rubuta abin da ta gani tsakanin 381 da 384. Ran Lahadi jama'a sun gangaro daga Dutsen Zaitun riƙe da rassan dabino da zaitun. Ran Jumma'a, daga tsakar rana zuwa ƙarfe 3, ana karanta labarin shan wahalar Ubangiji, mutane suna ta kuka. Ta haka Mako Mai Tsarki ya ɗauki siffar da muka sani.

Wannan tsari ya ba masu bi damar bin sawun Yesu rana rana, amma yana da haɗari. Mai wa'azi yana iya barin jama'a cikin duhu ran Jumma'a, ko ya yi murnar Lahadi kamar ba a taɓa zub da jini ba. A ikilisiyoyinmu akwai gwauraye da marayu da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, kuma suna zaune a gabanmu a ranakun biyu. Idan ka hau yin wa'azi ran Jumma'a, ka ambaci rana ta uku. Ran Lahadi kuma ka tuna cewa wanda ya tashi ya nuna wa Toma tabon ƙusoshi.