Ƙwazon Ɗan Ƙwallon Kwando a Jami'a da Makomarsa a Gasar Ƙwararru: Darasi ga Bauchi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dangantakar da ke tsakanin ƙwazon ɗan ƙwallon kwando a jami'a, da matsayin da yake samu a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NBA ta Amurka, da nasararsa bayan zaɓen, ta hanyar duba tarihin wasu 'yan asalin Nijeriya. An gano cewa abin da ke sa a zaɓi ɗan wasa da wuri daban yake da abin da ke sa ya ɗore.

Gabatarwa

Kowace shekara ƙungiyoyi 30 na NBA suna zaɓar matasa kimanin 60 a zagaye biyu, kuma ƙungiyoyin da suka ƙare a baya su suka fi samun damar fara zaɓe, domin a daidaita ƙarfi a gasar. Tsarin ya ginu ne a kan fahimtar da Hausawa ke bayyanawa da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tambayar ita ce ko alamun da ake dubawa su ne na gaskiya, kuma ta shafi Bauchi, inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ke shiga wasannin jami'o'i na NUGA, inda kuma ƙungiyar Bauchi Nets ta fafata da takwarorinta irin su Kano Pillars da Gombe Bulls a babbar gasar ƙasa.

Waiwaye a kan Ayyukan Magabata

Coates da Oguntimein a 2010, sannan Berri da Brook da Fenn a 2011, sun nuna cewa yawan makin da ɗan wasa ke ci a jami'a yana da tasiri babba wajen ɗaga matsayinsa a zaɓe, alhali dangantakar wannan maki da amfaninsa a gasar ƙwararru ba ta da ƙarfi. Binciken na biyu ya ƙara da cewa tsawo da ƙarancin shekaru da kaiwa zagayen ƙarshe na gasar jami'o'i suna jan hankalin masu zaɓe, yayin da cafko, wato kama ƙwallon da ta kuskure kwando, ba ya samun kulawar da ta dace da muhimmancinsa.

Nazari

Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ne na ɗaya a zaɓen 1984, gaban Michael Jordan wanda ya zo na uku. A shekararsa ta ƙarshe a Jami'ar Houston ya fi kowa a jami'o'in Amurka cafko da tare jifa, wato doke ƙwallon abokin hamayya kafin ta isa kwando, kuma wannan gwaninta ta bi shi NBA, inda ya tare jifa 3,830, adadin da ba a kamo ba har yau, ya kuma ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995.

Michael Olowokandi, shi ma haifaffen Legas, ya zo na ɗaya a 1998 bayan matsakaicin makinsa a wasa ya haura 22 a shekararsa ta ƙarshe a Jami'ar Pacific, amma cikin wasanni 500 da ya buga a NBA matsakaicin makinsa bai kai 9 ba, alhali Dirk Nowitzki da Paul Pierce, waɗanda suka zo na 9 da na 10 a wannan zaɓe, sun zama zakaru. Abubuwa biyu sun rage darajar alƙalumansa na jami'a, wato ya tara su ne a rukunin da ba ya cikin manya, kuma shekarunsa 23 lokacin zaɓe, ya girmi yawancin waɗanda ya kara da su.

Yinka Dare, wanda aka haifa a Kano a 1972, ya zo na 14 a 1994 daga Jami'ar George Washington, tsawonsa ya haura mita 2. Rauni a gwiwa ya cinye masa shekarar farko, kuma cikin wasanni 110 sau 4 kacal ya miƙa ƙwallon da abokin wasa ya ci maki da ita. A ɗaya ɓangaren, Gabe Vincent, ɗan wasan ƙungiyar ƙasa ta D'Tigers, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2018, amma yana cikin biyar ɗin farko na Miami Heat a wasannin ƙarshe na 2023.

Ko da yake misalai huɗu ba su isa a kafa ƙa'ida ba, sun dace da abin da binciken ƙididdiga ya nuna, cewa maki da tsawo suna buɗe ƙofa, amma ɗorewa tana rataye ne a kan tsaron gida da lafiyar jiki da iya wasa da abokai. Tarihin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya a hannun koci Oliver Johnson, ya nuna cewa tantance 'yan wasa fanni ne mai zaman kansa, domin bai taɓa buga NBA ba, amma ƙungiyar da ya haɗa a Toronto ita ta ci kofi a 2019.

Kammalawa

Maƙalar tana ba sassan wasanni na manyan makarantun Bauchi da hukumar wasanni ta jiha shawarar su riƙa adana bayanan kowane wasa, waɗanda suka haɗa da mintunan da ɗan wasa ya buga, da jifan da ya yi da waɗanda suka shiga, da cafko da miƙa ƙwallo da asararta, tare da shekarun haihuwa na gaskiya da ƙarfin abokan karawa. Da irin wannan taska ce kaɗai za a iya bin sawun ɗalibi daga NUGA zuwa gasar ƙasa, a kuma gwada ko abin da aka gano a Amurka ya tabbata a arewacin Nijeriya.