Tulun Goggo da Abuja ta Farko

Da Allah ya yi wa Goggonmu rasuwa nan Gudu, aka zo rabon gado, kowa ya ƙi wani tulu mai sheƙi da zanen ƙadangaru, wai tarkace ne. Ni kuwa na kifa shi, sai ga tambari biyu a gindinsa: "Abuja" da ajami, da haruffan LK.

To, wace Abuja? Ba wannan tamu ba. Garin da Abu Ja ya kafa ne a 1828, bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zazzau, wato Suleja ta yau. Can Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a 1952, Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ita ce LK ɗin, mai hoto a bayan naira ashirin.

Dattawa suka ce kakanmu, mai fataucin goro a tsohuwar Abuja, shi ya saya, ya sa wa Goggo cikin kayan ɗaki.

Jama'a, kafin ku zubar da tsohon kaya, ku tambayi tsofaffi tun suna raye. Allah ya jiƙan magabata, amin.